Motar da Muka Ɗaga wa Hannu

Ranar Talata, sha biyu ga watan Zulhajji na shekarar 1440, wadda ta yi daidai da sha uku ga Agustan 2019, Allah Ya karɓi ran malamarmu, Cikgu (wato Malama a yarenmu) Habsah binti Pawanchik, a Mina, bayan ta yi jifa ta koma tanti. Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Shekarunta saba'in da shida. An yi mata salla a Harami, aka binne ta a Makka, a hannun mutanen da ba ta sani ba, su ma ba su san ko wace ce suka ɗauka ba.

Shukor ne ya kira ni, Cikgu, ɗan ƙaninki da kika raina tun yana goye. Ina kasuwar Chowrasta ina zaɓen kifi. Na ajiye kifin a kan tebur na fito, mai kifi yana ta kirana, ban waiwaya ba. Tun daga ranar nake son in rubuta wannan, hannuna ya ƙi. Sai yanzu da alhazan tsibirinmu na Penang suka dawo na iya zama na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake kin yi sa'a, kin cika a ƙasa mai tsarki, aikin Hajjinki ya kusa kammaluwa. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ni Salbiah, ɗalibarki mai taurin kai da kike kira Biah, wani abu ne ya tsaya mini a rai, ya ƙi wucewa ko da addu'a. Ke da kika raka kowa a garin nan, kin tafi babu wanda ya raka ki. Ba mu wanke ki ba, ba mu bi makararki ba. Rakiya ɗaya tak Allah Ya ba mu dama mu yi miki, ranar tashinki, ita ma muka ɓata ta da hannunmu. Mata fiye da hamsin, duk da furfura, muka tsaya a rana muna ɗaga wa motar da ba kya ciki hannu.

Wanda bai san ki ba zai ce mene ne abin damuwa a nan. To bai san gidan da kika fito ba. Mahaifinki yana cikin masu saukar da maniyyata a unguwar Lebuh Acheh, zamanin da ake zuwa Hajji ta ruwa. Daga Kedah, daga Perlis, daga kudancin Thailand, har daga Sumatra, a gidanku suke sauka su jira jirgi, a shimfiɗa tabarmi har kan matattakala. Kin ce kin tashi ba ki san ɗakinki ba a watannin nan, duk inda kika samu gurbi tsakanin buhunan shinkafa da busasshen kifin matafiya nan kike kwana. Shi kuwa tsohon doka ɗaya gare shi. Ranar tashin jirgi, duk wanda ke cin abincin gidansa sai ya je bakin ruwa, kuma babu mai juyawa gida sai jirgin ya ɓace wa ido. Ya ce da yawa daga cikin tsofaffin nan ba za su dawo ba, bai kamata abin ƙarshe da za su gani na ƙasarsu ya zama ƙeyar mutane ba.

Na fara saninki a 1971, ina ajin farko a sakandaren 'yan mata, ke kuma kina koyar da Turanci. Siririya ce ke a lokacin, ga tabarau, ga tafiya kamar an biyo ki. Wata safiya kika shigo kika ce kowa ta rufe littafi, kika jera mu biyu-biyu muka taka har tashar jiragen ruwa. Ranar jirgin alhazai zai tashi. Garin ya cika, masu kuka na yi, masu sayar da ƙanƙara mai zaƙi na ciniki, masu keken haya mai ƙafa uku suna ta zage-zage. Wani dattijo ya hau kan akwati ya yi kiran salla, kamar yadda ake yi wa matafiyi, wurin ya yi tsit. Aka kwance igiyoyi, jirgi ya yi kuka ya fara ja. Da ya ɗan yi nisa sai jama'a suka soma watsewa, mu ma idonmu ya koma kan mai ƙanƙara. Khoo Swee Lan, 'yar mai kantin magani, wadda tun a lokacin bakinta ba ya shiru, ita ce ta yi magana.

"Cikgu, ai ya tafi."

"Kina hango shi?"

"Ina hangowa mana."

"To ina ya tafi? Tsaya inda kike, ƙanƙarar ba ta da ƙafa."

Muka tsaya, rana na dukanmu, fararen takalmanmu sun yi zafi, har jirgin ya koma ɗan ɗigo, daga ɗigo ya koma hayaƙi, hayaƙin ma ya baje. Sannan kika saya wa kowa ƙanƙara.

Washegari kika rubuta kalma biyu a allo: "see off". Kika ce ta farkon gani take nufi, ta biyun 'yar ƙarama ce mai nuna abu ya rabu da wuri ya yi nisa, idan kuwa suka haɗu sai su zama rakiyar matafiyi. Kika ce Turanci cike yake da irin waɗannan tagwaye, kowace ita kaɗai da ma'anarta, in an haɗa su sai su haifi abin da bai yi kama da kowa ba, kuma babu hanyar sanin su sai zama da su. Amma waɗannan biyun kin fi son su, don kin ce duk wanda ya fara haɗa su, da ya zo Lebuh Acheh da sun shirya da mahaifinki.

Mu kuma da namu ciwon. A yarenmu na Malay kalma ɗaya muke aika saƙo da ita, mu kuma raka mutum da ita, sai muka kwashe wannan muka zuba a Turanci. Yarinya za ta tashi ta ce jiya ta aika kakarta tashar jirgin ƙasa. Sai ki cire tabarau ki dube ta ki ce, "Allah sarki. Kin dai manna mata kan sarki a goshi ko?" Shekara talatin kina wannan yaƙi, kuma in gaya miki gaskiya, Cikgu, ba ki ci ba. Har gobe mutanen Penang suna aika iyayensu filin jirgi. Ni kaina na koyar da Turanci har na yi ritaya, ban fi ki nasara ba.

Abin da kika ci shi ne ɗaya yaƙin, wanda ba a allo kika yi shi ba. Lokacin da aka tura ni koyarwa wani ƙauye a Kelantan, mahaifiyata ta ce ba za ta je bakin ruwa ba, don ta san za ta yi kukan da zai ba mu kunya. Na shiga jirgin fito ni kaɗai da akwatina, zuciyata a cushe. Da na leƙo sai ga ki da lema, kin miƙa wa wani ma'aikaci ƙunshin nasi kandar, shinkafa da miyar nan ta garinmu, a ganyen ayaba ya kawo mini. Ban san wanda ya gaya miki ranar ba. Har muka kusa ƙetarewa, duk lokacin da na waiwaya lemar tana nan. Shinkafar da hawaye na ci ta, kuma har yau ban sake cin mai daɗinta ba.

Swee Lan kuwa da ta saɓa da mahaifinta kan mijin da ta zaɓa, ta kama hanyar Ostareliya, ko mutum ɗaya daga gidansu bai je filin jirgi ba. Ke kika je. Ta ce kin tsaya a saman benen da ake barin masu rakiya su hau a wancan zamanin, kina ɗaga mata gefen mayafi. Bayan shekaru ta dawo ta karɓi kantin maganin, ta yi jinyar tsohon har ya mutu, amma takan ce ita uwa biyu gare ta a tsibirin nan, ɗaya ma ba addininsu ɗaya ba. Ba ɗalibanki kaɗai ba. 'Yar aikin maƙwabta za ta koma garinsu Medan, kin je. Leburan gini da ya karye a ƙafa za a mayar da shi ƙasarsu, ba ki ma iya faɗin sunansa daidai ba, kin je. Shukor yakan yi ƙorafi cewa motarsa ta san hanyar filin jirgi fiye da hanyar ofishinsa.

Sai kuma binciken nan naki, wanda muka daɗe muna yi miki dariya a kai. Tun kafin ki yi ritaya kike zuwa ɗakin karatu na jiha kina duba tsofaffin jaridun Turanci na tsibirin nan, a na'urar nan mai haske da ta ƙarasa miki ido. Kalmomin nan biyu kawai kike bi, shekara bayan shekara, ki ga yadda aka yi amfani da su. Kin ce a jaridun da kika fi tsufa da su dogon zance ake yi, wai manyan gari sun yi wa wane rakiya zuwa bakin ruwa cikin girmamawa, sai daga baya gajeren ya ture dogon, har ya zama kusan kowane mako sai an gan shi, don a lokacin rabin labarin garin nan shi ne wa ya sauka, wa ya tashi. Kin kuma nuna mana sauran ma'anoninsu: kare ya fatattaki baƙo daga ƙofar gida, soja sun kore abokan gaba, ƙungiyar ƙwallo ta yi waje da abokiyar karawarta. Waɗannan kin ce 'yan haya ne, mai gidan shi ne rakiya. Abin da ya fi ɓata miki rai shi ne da jiragen ruwa suka daina ɗaukar fasinja, kalmomin suka riƙa janyewa daga shafin farko a hankali. "Yanzu sai a shafin wasanni nake gamuwa da su," in ji ki, "'yan haya sun cinye gidan."

Wata rana muna shan shayi a barandarki na kasa haƙuri.

"Cikgu, shekara arba'in a kan kalma biyu? Wasu fa a ƙasa da haka sun rubuta ƙamus sukutum."

"Sun rubuta mana, Biah. Ai su ba sa tsayawa jirgi ya ɓace."

Ba ki taɓa buga littafin ba. 'Yan maƙaloli ne a mujallar malamai, da lacca guda da kika yi wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wadda rabinta faɗa ne kan yadda ake rakiya yanzu. Mutum ya tsaya a bakin titi mota na kunne, a jefo akwati, mai gadi na busa usur, kafin matafiyi ya gyara jakarsa a kafaɗa har an sha kwana. Kin ce wannan ba rakiya ba ce, sauke kaya ne. Muka yi ta dariya, amma a ɗakin nan babu wadda ba ta tsargu ba.

Duk wannan, ke kanki ba ki taɓa tafiyar da ta wuce Kuala Lumpur ba. Da ƙuruciya jinyar mahaifiyarki ta riƙe ki. Tana rasuwa ƙaninki da matarsa suka yi hatsari a hanyar Taiping, aka bar miki Shukor. Ba ki yi aure ba, ba ki kuma taɓa bari a yi miki zancen cikin tausayi ba. Sai da ya kammala karatu ya yi iyali sannan kika sa suna a layin Hajji, layin kuwa kowa ya san tsawonsa. Shekarar da ta wuce ƙafafunki suka fara kumbura, muka soma tsoro a ɓoye. Da kiran ya zo bana, wallahi unguwar nan kamar kowa aka kira. Aka yi walimar addu'a, aka rufe layinku da rumfa, Swee Lan ta kawo kwalin magunguna da zai ishi ƙauye guda.

A wurin walimar kika jawo ni gefe.

"Biah, ki gaya wa yaran nan kada kowa ta wahalar da kanta zuwa sansanin alhazai. Duk kun tsufa, ga rana."

"To, Cikgu."

"Wannan 'to' ɗin naki na san shi tun kina aji ɗaya."

"To me kike so in ce?"

"Ba komai. Ku dai zo da lema."

Ranar tashi Shukor ya tsaya a bakin ƙofar gida ya yi kiran salla, kika fito da fararen kaya kika shiga motarsa. Mu muka riga ku zuwa sansanin alhazai na kusa da filin jirgi. Daga ƙofa ba a barin kowa ya shiga sai maniyyaci, daga ciki kuma manyan motoci ke kwashe su zuwa jirgi, masu rakiya su tsaya a waje. Ban taɓa ganin ɗalibanki sun taru haka ba. Malay, Sinawa, Indiyawa, wata daga Ipoh ta taso, wata daga Singapore, wata jikarta ce ta turo ta a keke. Muka yi ta jira, muna tuna wa juna wadda ta fi shan faɗa.

Da aka buɗe babbar ƙofa motoci suka fara fitowa, sai muka ga matsalar. Gilasansu baƙaƙe ne, abin da kawai ake gani inuwar fararen mayafai, kowace tsohuwa kamar 'yar'uwarta. Muka yi ta leƙe. Can sai Swee Lan, wadda ba ta daɗe da cire yanar ido ba, take kuma ta cika mana baki cewa yanzu har tururuwa tana gani a kan bene, ta nuna wata mota.

"Ga ta can. Ta uku daga baya, mai tabarau. Ga hannunta a gilashi."

Akwai hannu a gilashin kuwa, kuma yana motsi. Shi ke nan. Muka yi caa muka cika bakin ƙofa har kan titi, muna ɗaga lema, muna kiran sunanki, masu kuka na yi. Motar ta miƙe doguwar hanyar nan da ta bi gefen masana'antu. Sauran jama'a suka fara neman motocinsu, mu kuwa ko gezau. Mu ne fa 'yan ajin Cikgu Habsah. Babu wadda ta ƙifta, babu wadda ta waiwaya, duk da muna jin hayaniya da ƙarar injin a bayanmu. Sai da motar ta koma ɗigo ta sha kwana, sannan muka sauke hannu. Muka rungumi juna, muna jin mun biya kaɗan daga abin da ke kanmu. Har muka wuce muka ci laksa, taliyar nan mai romon kifi, don murna.

Da la'asar Shukor ya zo gidana, ya zauna ya kasa shan shayin da na ba shi. Ya ce wani abokinsa da ke aiki a cikin sansanin ya gaya masa, masu ciwon ƙafa da masu keken guragu an ware musu motarsu daban, ita ce ta ƙarshe. Da ta zo fita ta tarar wasu mata sun toshe babbar ƙofa sun ƙi motsi, sai aka buɗe mata ƙaramar ƙofar gefe, ta bi ta bayansu ta ɗauki wata hanyar. A cikinta kike.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Ko dai ba ki gan mu ba sam, kin tafi kina zaton mun ji maganarki mun zauna a gida. Ko kuma kin gan mu, abin ƙarshe da kika gani na ƙasarki ya zama ƙeyar ɗalibanki. Na rasa wanda ya fi muni. Ga shi ba ki da waya, wadda Shukor ya saya miki a durowa kika bar ta, kin ce ba ki je Makka don hira ba. Labarinki sai ta bakin Kak Embon, wato Yaya Embon, mai sayar da kayan zaƙi a layinmu, wadda aka haɗa ku ɗaki, ita ma in ta kira 'yarta ba ya wuce kuna lafiya, ƙafa da sauƙi. Muka ce ba komai, in kin dawo za mu ba ki haƙuri, ki yi mana faɗa, mu yi dariya. Sai ga kiran Shukor ina kasuwa.

Aka yi miki sallar gawa daga nesa a masallacin unguwa, aka yi zaman addu'a. Swee Lan ta zo kowace rana, ta zauna a baranda da baƙaƙen kaya, ba ta cewa uffan. Matar da shekara kusan hamsin ban taɓa jin ta yi shiru ba. Ta rufe kantinta. Na je na same ta na ce laifin na kowa ne, duk mun ga hannun. Ta ce, "Ni na nuna, Biah." Ta rame har wuyanta ya fito, ni kuma ba ni da abin da zan ba ta, don abin da ke cinta shi ke cina.

Da alhazai suka dawo muka je gaida Kak Embon kamar yadda aka saba, a sha zamzam a ci dabino a nemi addu'a. Da ƙyar na jawo Swee Lan. Muna shiga tsohuwar ta sallami sauran baƙi, ta ce da mu take son magana, akwai saƙon da ta ɗauko wanda ba na waya ba ne.

"Ku ne masu toshe hanya ko?" in ji ta. "Ai dab da ku muka wuce. Da taga na buɗuwa da na ja mayafin wata. Direba ma tafiya yake kamar ba ya so, don kada ya taka ku."

Na ce, "Ta gan mu ke nan, Kak?"

"Gani kai. Ni na fara ɗaga hannu zan buga gilashi, ta riƙe ni. Na ce, Habsah, yaranki ne fa, wata motar suke yi wa. Ta ce ta sani, in bar ku. Na ce ai in na buga za su juyo. Ta ce shi ya sa. Wai motar can mutanen ƙauyukan Perlis ne a ciki, tun asuba ta lura da su a sansani, yawancinsu babu wanda ya iya biyo su. Ta ce, 'Wata baiwar Allah a can tana ganin mata hamsin suna mata kuka. Ki bar ta ta tafi da shi.'"

Swee Lan ta sa hannu ta rufe baki. Kak Embon ta ci gaba.

"Sai ta juya a kujera, da ƙafar nan tata, ta durƙusa tana kallonku ta gilashin baya. Ta ƙeya take gane ku, wai shekara talatin tana tsaron jarrabawa. Ga Biah can, kullum kafaɗa ɗaya a sama. Ga Letchumi. Ga wance, ta yi ƙiba. Tana dariya hawaye na zuba. Ta ce in duba, ko ɗaya ba ta waiwayo ba, ga mota na ƙara a bayansu amma ko ɗaya. Ba ta zauna ba sai da muka sha kwana kuka ɓace. Da ta zauna ta ce, 'Embon, ashe na koyar.'"

Na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mana tun suna can ba. Ta ce kin hana. Kin ce da bakinki za ki faɗa, don kina son ki ga fuskar Swee Lan, ki kuma tambaye ta sunan likitan da ya yi mata aikin ido. A nan Swee Lan ta fashe, dariya da kuka a haɗe, ta kifa kai a cinyar Kak Embon. Ranar ta ci abinci a gabana, faranti biyu.

Haka kika yi mana, Cikgu. Mun zo mu biya ki sau ɗaya, kika karɓa kika miƙa wa wata da ba ki san sunanta ba, sannan kika juya kika yi mana abin da muka zo yi miki. Na yi kewarki ƙwarai. Ina kewar faɗanki, da shayinki mai ɗaci, da yadda kike cire tabarau kafin ki kashe mutum da magana. Amma abin da ya tsaya mini a rai ya wuce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shukor da matarsa Rohani da 'ya'yansu, waɗanda suka rasa uwa da kaka a mutum ɗaya. Ina yi wa Kak Embon godiya da ta'aziyya, ita da ta riƙe hannunki a tanti har ƙarshe. Ina yi wa mutanen Lebuh Acheh, da dukan ɗalibanki na kowane addini, a tsibirin nan da inda duk rayuwa ta kai su. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarka Habsah. Ka karɓi Hajjinta, Ka cika mata abin da ya rage. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka haɗa ta da iyayenta da ƙaninta a Aljannar Firdausi. Ta baƙunce Ka a ƙasar da ba ta da kowa, ba ta kuwa taɓa barin baƙo ya tafi shi kaɗai ba. Mu mun yi iya ganinmu, Ka ga inda ya tsaya. Ka sa masu tarbarta su gane ta tun daga nesa.

Amin.